Injin da Ya Sace Turaren Hajiya Inna

Samari, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Na ji abin da kuke faɗa a bakin masallaci, wai aikin iskar gida ba wani aiki ba ne, a huda bango, a liƙa fanka, a kama gaba. Wani ma har ya nuna mini bidiyo, ga Bature cikin farar riga tas yana murmushi, ya gama haɗa inji kafin shayi ya huce. To ni Isiyaku, da na yi furfura a wannan aiki a garin Greensboro, ban taɓa fitowa daga gidan mutum da farar riga ba. Ku zauna ku ji. In na gama kuna son aikin har yanzu, sai mu yi magana.

Ni da gyaran firji na fara a Zariya, kuma da na zo ƙasar nan ji nake babu abin da ya rage mini in koya. Sai Allah ya haɗa ni da wani tsohon Bature, Mista Del, mai sa hita, wato injin ɗumama ɗaki, da bututun iska a gidaje. Ranar farko ya kai ni wani gida a unguwar Sedgefield, ya miƙo mini tocila, ya nuna wata 'yar ƙofa a gindin bango wadda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga. Ya ce in shiga. Ashe gidajen nan ƙarƙashinsu rami ne, a nan bututun suke. Na shiga da rub da ciki, jar ƙasa a baki, yanar gizo a ido. Ina haska tocila sai muka yi ido huɗu da wata dabba mai kama da gafiya, amma ta fi gafiya girma, ta fi ta muni, tana yi mini haƙora. Wallahi ban san ina da gudun baya a kwance ba sai ranar. Na fito ina salati, Mista Del yana dariya har da riƙe ciki. Da ya gama ya ce in koma, ai ta fi ni jin tsoro. Na ce masa wannan bai sani ba.

Sama kuma akwai cikin silin. Da rani wuta, da sanyi firji, ga wata auduga mai ruwan hoda da suke shimfiɗawa don riƙe ɗumi. Audugar gilashi ce. In ta taɓa maka wuya, kwana kake kana susa kamar wanda ya yi birgima a ƙaiƙayi. Wannan ba a sa ta a bidiyo.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne sai ya sha jininka kafin ku saba. Almakashin yankan kwano, akwai mai yanka dama akwai mai yanka hagu, in ka ɗauki wanda ba shi ba kwanon ya murɗe ya yanke ka. Ku dubi hannuna. Akwai diril, akwai tef mai ƙyalli na liƙe gaɓa, akwai tocilar goshi. Amma abin da ya fi duka shi ne hayaƙi. Iska ba a ganin ta, sai ka ba ta hayaƙi ta ɗauka ka ga inda ta nufa. Mista Del yana da wani alƙalami mai fitar da hayaƙi, yana ji da shi kamar ɗa. Ni da na tsaya da ƙafata, bayan tsohon ya ajiye aiki, sai na ga turaren tsinke na shagon Indiyawa ma yana yi. Ka kunna, ka kai bakin bututu. In hayaƙin ya karkata ya shige, hanya a buɗe take. In ya miƙe sama abinsa, akwai magana.

Yanzu ga injin da kuke rainawa. Kun san mutanenmu da sanyi. Da an shiga winta, lokacin sanyi, sai a rufe ko'ina, a cusa tsumma a gindin ƙofa, a manna leda a taga. Sannan a ɗora miyar daddawa, a soya kifi, a tuƙa tuwo, ga wanka ga alwala. Duk tururin nan ina za shi? Sai ka ga taga tana zubar da ruwa, bangon banɗaki ya yi baƙi, yara suna tari, ka sa kwat ka tafi ofis kana ƙanshin miyar shekaranjiya. Injin akwati ne mai fanka biyu. Ɗaya tana fitar da iskar cikin gida, ɗaya tana shigo da ta waje. A cikin akwatin suke wuce juna ta tsakanin wasu siraran faranti ba tare da sun gauraya ba, mai fita ta bar wa mai shigowa ɗuminta. Shi ke nan dabarar.

Babu kwastoman da bai taɓa tambayata ba: "Malam, zai rage mini bil ɗin gas na ɗumama gida?" Ni kuma amsata ɗaya ce. In da buɗe taga kake yi don wari ya fita, to zai rage maka, domin taga ɗuminka take zubarwa a titi. In kuwa da a toshe kake zaune kana shaƙar kifin jiya, ba zai rage maka komai ba, har ɗan lantarki zai ci, sai dai ka sami iska mai kyau da bango busasshe. Injin ba ya haifar ɗumi, riƙe shi yake yi. Amma Bahaushe in ka ce masa "zai rage, in..." daga "zai rage" ya kashe kunne.

Gidan Alhaji Bashir a Summerfield shi ne aikin da ya kusa raba ni da sana'a. Alhaji mutum ne mai faɗa a ji a cikinmu, in ya yi tari a masallaci sai an waiwaya. Ya sayi ƙaton gida can bayan gari, maƙwabcinsa wani Bature mai kiwon dawaki. Matarsa Anti Rukayya nas ce, ita ta matsa a sa injin saboda baƙin da bango ke yi. Na yi masa bayanin nan nawa tiryan-tiryan, yana gyaɗa kai yana duba waya. Na yi aiki mai kyau, ba yabon kai ba. Na ja bututu zuwa falo da banɗakuna da ɗakin baƙi, na sa wa kowane baki murfi zagayayye mai murɗewa da hannu. Na kunna tsinke a ko'ina, hayaƙi ya shige sumul. Muka rabu da addu'a.

Ana shiga sanyi sosai sai wayata ta yi shiru. Da farko na ɗauka kasuwa ce. Sai ranar nan na haɗu da Malam Fuseni, mutumin zangon Kumasi mai tuƙa tasi, a kusa da tashar bas ta cikin gari. Shi kowa massa ne a wurinsa. Ya leƙo ta taga ya ce, "Kai massa, kana nan kana yawo, ba ka ji an gama da kai ba?"

Na ce, "An gama da ni a ina?"

Ya ce, "A taron sunan gidan Malam Sani mana. Alhaji Bashir ya tashi a gaban jama'a, ya ce injinka ɓarawo ne. Wai tun da ka sa shi gidansa ya koma firji, bil ya haura sama, hita ba ta hutawa. Ya ce duk mai son kansa ya kiyaye ka."

Kai, ranar na ji zafi. Ku yara ba ku san ƙanƙantar garin nan ba. Mu nawa ne? Maganar da aka yi a suna ɗaya, kafin Juma'a ta zaga kowane kicin. Ni kuwa ba ni da allon talla, ba ni da ofis, sunana shi ne shagona. Wanda ya ce in zo in duba masa hita ya ce ya fasa. Wata Hajiya da na sa wa injin tun bara, tana ta sa mini albarka, ta aiko a tambaye ni ko nata ma yana sata a ɓoye. Na kira Alhaji in zo in duba, ya ce kada in ƙara taka masa gida. Wannan winta da canza matatar iska a ofisoshin cikin gari na ci abinci, aikin da sabon shiga ke yi. Fuseni har ya fara koya mini hanyoyin filin jirgi, wai ya ga alamar tasi a goshina.

Sanyi ya kusa fita sai ga kiran Alhaji. Ko gaisuwar kirki babu. Ya ce, "Ka zo ka cire kayanka." Na san in na fito da akwatin nan a bayan mota, an buga hatimi ke nan, ni ɓarawo ne har abada. Amma na ce to.

Na isa da hantsi ranar Asabar. Ina shiga falo na ji abu biyu. Na ɗaya sanyi, ga iska tana zubowa daga bututun shigowa kamar an buɗe ƙofa. Na biyu ƙanshi, irin turaren wutan nan na gaske da ke kama labule ya kama hanci. Tagogi kuma sharkaf da ruwa. Alhaji yana tsaye da rigar sanyi a kan jallabiya, ya sha toka. Anti Rukayya ta gaishe ni ba ta ɗago kai ba.

Na ce, "Alhaji, alfarma ɗaya. Kafin in kwance komai, bari in kunna tsinke."

Ya ce, "Kunna duk abin da za ka kunna, ka dai fitar mini da shi."

Na hau tsani, na kai tsinken bakin bututun fita na falo. Hayaƙi ya miƙe sama abinsa, ko gezau. Na murɗe murfin, na zura hannu. Na taɓo wani abu mai laushi. Na tuna mutuniyata ta Sedgefield. Na yi bisimilla na jawo. Sai ga hula. Zanna bukar, mai aikin hannu, ta zauna a bakin bututun ɗas kamar don shi aka ɗinka ta.

Alhaji ya yi wani irin ihu. "Hulata! Wadda na je ɗaurin auren ƙanena da ita! Har faɗa na yi da masu wankin kaya a kanta!"

Na waiga in ga Anti Rukayya, sai bayanta na hango tana shigewa kicin. Na ɗauki tsani na nufi banɗaki. Hula. Ɗaya banɗakin, hula, wannan karon damanga. Duk inda iska za ta fita an sa masa hula. Na jera su a kan kujera. Na ce, "Alhaji, ga ɓarawon. An toshe mai fita, ita kuwa mai shigowa ba ta daina ba. Babu ɗumin da za ta karɓa a hanya, sai ta shigo maka da sanyin waje ɗanye. Hita kuma tana ta fama da shi."

Bai kai ga amsawa ba sai muka ji murya daga ɗakin baƙi. "Wane ne yake kunna wannan turaren banza a gidan nan?"

Sai ga tsohuwa ta fito, 'yar ƙarama, ta naɗe cikin bargo, da carbi a hannu. Hajiya Inna ke nan, mahaifiyar Alhaji. Ashe bayan na gama aiki da 'yan kwanaki aka kawo ta daga gida don a duba mata ido, ni ban sani ba. Na sauko daga tsani na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta dubi tsinken hannuna ta yatsina fuska, sannan ta dubi hulunan.

Ta ce, "Wa ya ce a cire?"

Alhaji ya ce, "Inna, ke kika..."

Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai, rufe mini baki. Ni na sa. Ni na ce wa yarinyar nan ta hau kujera ta cusa, na kuma ce in ta faɗa maka ban yafe ba." Ta juyo gare ni. "Kai ne mai wannan abin? To bari ka ji. Turaren nan daga Maiduguri aka haɗo mini shi, da hawi da sandal da komai. Na riƙo shi a jaka tun daga gida, ma'aikatan filin jirgi suka buɗe suna shinshinawa, na tsaya a kansa har suka ba ni abina. Na zo nan, in na sa a kasko da safe, kafin in kai ƙarshen carbi babu shi. Ko a zanena ba ya zama. Sai ranar nan na leƙa ta taga, na ga dawakin Baturen can sun jeru a bakin shinge, daidai inda abinka yake hurawa, sun ɗaga hanci. Ni zan sha wahalar ɗauko turare, dawaki su sha ƙanshi? Haba!"

Jama'a, na ciji leɓe har ya kusa jini. Ba a yi wa tsohuwa dariya, ba a kuma ce mata ta yi kuskure, balle a gaban ɗanta. Kuma in za a bi gaskiya, ba ƙarya ta yi ba. Injin aikinsa ke nan, bai san bambancin turaren Maiduguri da warin kifi ba. Na ce, "Gaskiyarki, Hajiya."

Alhaji ya ja ni gefe zuwa bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. Duk tokar nan ta wanke. Ya ce, "Malam Isiyaku, ka bar injin. Amma don Allah maganar nan ta tsaya a nan. Uwata ce."

To ka ji. In na yi shiru, ni ɓarawo ne a gari. In na yi magana, na mai da uwar mutum abin dariya a kowane kicin. Na murƙushe guntun tsinken da ke hannuna. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na san ba zan iya faɗa ba, kuma shi ma ya san haka.

Amma idon da aka zo gyarawa ya gyaru. Hajiya Inna ta hango mu ta ce, "Me kuke ƙus-ƙus? Me ya sami fuskar bawan Allahn nan?"

Alhaji ya ce babu komai. Sai muryar Anti Rukayya ta fito daga kicin, ita ba ta fito ba. Ta ce, "Inna, Alhaji ya faɗa a taron suna cewa injin Malam ɓarawo ne. Tun lokacin ba mai ba shi aiki."

Tsohuwa ta dubi ɗanta. Ta zauna a hannun kujera. Ta ce, "A gaban mutane?" Alhaji ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Saboda hulunan da na sa?" Ta ɗauki zanna bukar ɗin nan, ta kakkaɓe ta, ta miƙa masa. "Ni ba zan kwanta a kabari da haƙƙin mai sana'a ba. A gaban jama'a ka ɓata shi, a gaban jama'a za ka tsaya ka wanke shi. Ran Juma'a. Da wannan a kanka."

Ran Juma'a kuwa Alhaji ya zo masallaci da hular a kansa. Wata da watanni tana shan turaren Maiduguri, sahu biyu gaba sahu biyu baya kowa yana waige. Da aka sallame ya tsaya a bakin ƙofa inda ake neman takalma, ya yi gyaran murya. Ya ce, "Jama'a, maganar da na yi a kan Malam Isiyaku, na janye. Injinsa lafiya lau yake. Toshe bututun aka yi da huluna."

Fuseni, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce, "Massa, wa ya toshe?"

Alhaji ya gyara zaman hular. Ya dube ni, na dubi takalmana. Ya ce, "Hulunana ne. Ni ne."

Wurin ya kece da dariya. Fuseni ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin wanda ya ji tausayin gidansa har ya sa masa hula saboda sanyi ba. Shekara guda ana tsokanar Alhaji da wannan, mutumin da ko sunansa ba a kira gatsau, kuma bai taɓa buɗe baki ya gyara ba. Daga ranar na daina jin haushinsa. Da bakinsa daga baya ya fara ba da labarin yadda yake, shi ya sa kuka ji ni ina faɗa.

Na koma gidan na yi abin da babu shi a littafin kowane kamfani. Na ja waya zuwa ɗakin Hajiya Inna, na sa mata maɓalli a gefen gado. In ta danna, injin gaba ɗaya ya huta na ɗan lokaci, turare ya kama zane ya kama labule, sannan ya tashi da kansa. Na roƙe ta abu ɗaya, ta bar gawayi ta koma kaskon lantarki, domin gawayi a rufaffen gida kisa yake yi ba sallama. Ta ce turare a lantarki ba ya daɗi. Na ce dawaki ma ba su samu ba. Ta yi dariya ta yarda, ta kuma ba ni 'yar kwalba ta ce in daina kunyata kaina da na Indiyawa. Kafin wata winta, matan garin nan duk wadda za a sa wa inji sai ta ce a haɗa mata da maɓallin Inna. Bil ɗin Alhaji kuwa ya koma kusan inda yake tun farko, kamar yadda na gaya masa ranar da yake duba waya. Bango dai ya bushe.

Shi ya sa yanzu in na shiga gidan mutanenmu, kafin in auna ɗaki nake tambaya ko akwai tsohuwa, me ake dafawa, me ake turarawa, wa ke jin sanyi ya ƙi faɗa. Wannan ma ba ya cikin bidiyo.

Hajiya Inna ta koma gida, can Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta. Har yau ni nake zuwa wanke matatar injin duk farkon sanyi. Zuwana na ƙarshe Alhaji ya ce, "Malam, duba mini tagar ɗakin Inna, tana ɗan jiƙa da safe." Ba mai kwana a ɗakin. Na shiga, sai ƙanshin nan ya tare ni, ga kasko a gefen gado da sauran ɗumi. Na dubi maɓallin, fentinsa ya goge tas, kuma ƙaton yatsan namiji ne ya goge shi, ba irin na tsohuwa ba.

Na ce, "Babu abin da ya lalace, Alhaji. A dinga share tagar da tsumma."